Zumar Naɗin Barmo

A can wani zamani mai nisa, tun mutane da aljanu suna cin kasuwa ɗaya, an yi wani birni mai suna Kwarin Amya, birni mai doguwar ganuwa da sanyin inuwa, inda ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da gawo suke tsaye manya-manya tun daga ƙofar fada har bakin rafi, kowace bishiya da amyar ƙudan zumarta a rataye. Sarakunan birnin duk jikokin Jatau ne, maharbin da ya sari garin, wanda ya bar musu al'ada guda da ba a taɓa ƙetarewa ba: ba a naɗa wa mutum rawanin sarauta sai zumar da aka yi a cikin ganuwar birnin ta taɓa leɓensa.

Sarkin wannan lokaci yana da ɗa guda, Yarima Barmo, kyakkyawa, dogo sambal, mai fara'a da sakin hannu, wanda ba a san shi da aibi ba sai ɗaya, wato tsabta ta yi masa yawa har ta zama ciwo. In ganye ɗaya ya faɗo a zaure, Barmo ba ya iya haɗiye tuwo sai an share. Da ya je ziyara ƙetaren teku ya ga lambunan sarakunan can, furanni a jere reras kamar askarawa, sai ya dawo hankalinsa a tashe, ya roƙi mahaifinsa ya ba shi kula da itatuwan birni, tsoho kuwa da yake ba ya iya hana shi komai, ya ba shi. Nan fa gatari ya shiga aiki. Wai ɗorawa tana zubar da shara, tsamiya tana tara tsuntsayen da ba sa girmama rawanin fadawa, sabara da geza da tumfafiya kuwa kayan ƙauye ne. Aka sare su ƙasa-ƙasa, aka dasa baƙin furanni jajaye jawur, cukus-cukus, ba ƙamshi, ba ƙofar da ƙuda zai shiga, ga shan ruwa kamar raƙuma. Aka zuba masu fartanya da masu tsintsiya, duk tohon da ya leƙo da damina a fille masa kai tun bai ga rana ba.

Ƙudan zuma ne suka fara tashi, ba sallama. Malam-buɗe-littafi ya bi su, sai tsuntsaye irin su tsada da kurciya da cilakowa, har jemagu da bushiya suka tattara nasu suka yi gaba. Kabewa ta riƙa fure tana zubarwa, daddawa ta zama sai labari, miya ta yi lami a kowane gida, amma Barmo bai lura ba, domin birni ya yi fes, shi kuwa abin da ya dame shi ke nan.

Ana cikin haka, da bazara, Allah ya yi wa sarki rasuwa. Bayan an share makoki, Madaki Gambo, shugaban masu zaɓen sarki, tsoho tukuf wanda haƙoransa suka ƙare amma harshensa bai dakushe ba, ya zo ya durƙusa gaban Yarima ya ce, "Allah ya ja zamaninka, rawani yana nan a ninke, alkyabba tana nan a turare. Zuma kaɗai muke jira."

Barmo ya aika ƙauye a ɓoye aka kawo masa zuma cike da ƙwarya. Madaki ya tsoma yatsa ya lasa, ya lumshe ido, ya ce, "Ranka ya daɗe, zuma ce mai kyau, Allah ya yi wa ƙauyen da ya yi ta albarka. Tamu muke jira. In kaka ta yi aka ɗaure damin ƙarshe ba ta samu ba, rawani zai tafi gidan baffanka, ni ma ba da son raina ba."

Yarima ya sa aka yi ta kiɗa a kan ganuwa ana kiran ƙudan zuma da kirari, ba wanda ya amsa. Rannan yana zagayen birni ransa a ɓace, sai ya hangi wata tumfafiya a bayan juji, wadda ta tsira domin masu fartanya suna ƙyamar wurin, a kan furenta kuwa ga ƙudan zuma ɗaya, tsoho, fiffike duk ya yage. Da ƙudan ya tashi, Barmo ya tattare riga ya bi shi, ba doki, ba guzuri, ba ko ɗan rakiya.

Suka ƙetare dazuzzuka da tsaunuka har suka kai Birnin Tagulla, inda itatuwa na ƙarfe ne, tsuntsaye kuma sai an murɗa musu mabuɗi suke kuka. Mutanen birnin, dogaye siri-siri masu fararen leɓuna, suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka ce labarin lambunsa ya iso musu, ya kusa kamo su. Suka kawo masa liyafa a akushin zinariya, da ya buɗe sai ya ga 'ya'yan itace na tagulla an goge su suna ƙyalli, su kuwa masu gida suna lasa suna yaba tsabtarsu. Yunwa tana cinsa ya yi godiya ya fita, yana ta mamakin yadda yabo ya zauna masa a ciki kamar dutse. Daga can ƙudan ya kai shi gindin wata ƙatuwar kuka, ya shige kogonta, Barmo ya yi bisimilla ya bi. Hanya ta gangara ƙarƙashin ƙasa, ta miƙe, ta yi ta tafiya har takalmansa suka tsinke, sannan ta buɗe a wata fada mai faɗin gaske, wadda ginshiƙanta duk saiwoyin itatuwa ne, kauri-kauri, murɗe-murɗe, suna numfashi a hankali.

A kan karaga ga Gundumau, sarkin aljanun ƙarƙashin ƙasa, baƙi wuluk, gajere dukus, gemunsa har gwiwa, kansa ɗaure da tsumma irin na mai ciwon kai. A damansa, kan wata saƙar zuma mai girman tabarma, Magajiyar ƙudan zuma ce a zaune cikin rundunarta. Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya taimaki sarkin da ba a gani, ni Barmo ne ɗan sarkin Kwarin Amya, na zo daga nesa neman alfarma."

Gundumau ya yi dariya har saiwoyi suka girgiza. "Daga nesa, ɗan samari? Ɗaga kanka. Wannan rufin da kake gani, ƙofar fadarku ce. Ka zagaya duniya ka dawo ƙarƙashin gidanku. Wannan ƙwanƙwasar da kake ji kuwa masu fartanyarka ne, su suka ɗaure mini kai shekara da shekaru."

Barmo ya juya ga Magajiya ya roƙe ta da ta umarci rundunarta su koma. Ta ce, "Yarima, ba fushi muka yi ba, kuma ba a kiranmu da ganga. Yunwa ce ta kore mu. Furanninka kamar gidan mai rowa ne, an yi wa ƙofa ado, an kulle ta. Ka ɗora tukunya, za ka gan mu."

Ya ce, "To a ba ni irin da zan shuka, ko na zinariya ne zan nema."

Sai wata murya mai taushi ta fito daga ginshiƙin da ke tsakiyar fada. "Ba ka bukatar iri, Barmo. Ni ce ɗorawar ƙofar fada. A inuwata mahaifiyarka take zama tana ɗauke da cikinka, a jikina ka dafa ka fara tsayuwa. Ka sare ni, amma ban mutu ba, duk cikinmu ba wanda ya mutu. Kowace damina ina miƙo hannu in gaishe ka, sai a datse." Barmo ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya rungume saiwar ya yi kuka sosai, aljanu suka kau da kai don kada su ƙara masa.

Da ya share hawaye, Gundumau ya ce ba zai sake shi ya hau ba sai ya ci jarrabawa, domin mai irin ciwonsa alkawari ba ya warkar da shi. Aka kai shi wani fili fetal, aka ba shi fartanya a dama, tsintsiya a hagu, aka ce ya tsaya, kada ya taɓa komai. Sarkin aljanu ya yi tafi, sai damina guda ta sauko cikin ƙiftawar ido. Tafasa ta tsiro tsakanin yatsun ƙafarsa, yaɗiya ta naɗe masa ƙwauri, busassun ganye suka taru har idon sawu, hawainiya ta hau kafaɗarsa tana tafiyar ƙasaita, wata kurciya kuma ta ga hularsa ta yi mata, ta fara kawo tsinke. Gumi ya jiƙa Barmo sharkaf, sau da yawa tsintsiya tana ɗagawa da kanta yana danne ta. Can sai ya ga wata tsutsa, irin wadda a da zai sa a share, ta tsage ta fito malam-buɗe-littafi, ya sauka a kan hancinsa yana shanya fiffike. Dariya ta kuɓuce wa Yarima, fartanya da tsintsiya suka faɗi bai ma sani ba. Gundumau ya kwance tsumman kansa ya ce Barmo ya ci jarrabawa. Ya kuma nuna masa yadda ake yi wa kututture, a duba tohonsa a bar masu ƙarfi kaɗan, a rage sauran domin waɗanda aka bari su miƙe, sannan ya hura masa iska, sai ga Barmo a tsaye a ƙofar fadarsu, hadarin farko yana haɗuwa a gabas.

Tun ranar ya sauya wa masu fartanya aiki. Aka bar kowane kututture ya yi toho, aka bar sabara da geza da magarya suka tashi, ɗoɗɗoya da tafasa da rama suka cika gindin ganuwa, aka daina share ganye daga gindin itace, aka ajiye kasake da ruwa da 'yan tsakuwa a ciki domin ƙananan baƙi su sha ba su nutse ba. Fadawa suka yi ta gunaguni wai birni ya zama kufai, Yarima ya zautu. Amma kafin gero ya fid da kai tsada ta dawo, kurciya ta dawo, kabewa ta ɗaura 'ya'ya, wata safiya kuma aka ji guna a cikin amyar da Barmo ya saƙa da hannunsa ya rataya a wata magarya.

Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe, gari ya taru a gindin magaryar, ɗan baffan Yarima ma ya zo cikin sabuwar riga, ko da za a bukace shi. Barmo ya leƙa amya, sai ya ga saƙa ɗaya ce tal, ba ta fi tafin hannu ba, 'ya'yan ƙuda sun kewaye ta. Madaki ya miƙa masa bakin wuta ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a kore su a yanko, rana tana yi."

Barmo ya riƙe wutar. Ya san in ya yanke wannan saƙa, abincin raninsu ke nan ya ɗauke, waɗanda wuta ta bari yunwa za ta ƙarasa su. Yana son rawanin ubansa kamar ransa, bai kuwa ɓoye ba, idanunsa sun kawo ruwa. Ya tsoma wutar a kasko ta mutu, ya ce, "Baba Madaki, sau ɗaya na kore su da yunwa, ba zan ƙara ba. A kai rawani gidan baffana. Ni a bar mini kula da itatuwa."

Bai rufe baki ba sai ƙasa ta yi guna, Magajiya ta fito daga gindin magarya da runduna mai rufe rana. Jama'a suka watse, har Madaki ya tuna yana da ƙafafu. Ƙudan suka sauka a kan Barmo, suka riƙa naɗewa zagaye bayan zagaye, har suka yi masa rawani baƙi mai sheƙi, da kunnuwa biyu a tsaye, ba wanda ya harbe shi. Sannan kowane ƙuda ya ba da ɗan abin da ya ɗebo a furannin birnin a wannan safiya, ya taru ya gangaro ta goshinsa, ya bi karan hanci, ya ɗiga a leɓensa. Madaki ya lallaɓo ya dangwala ya lasa. Akwai ɗan ɗacin sabara a ciki, da ƙamshin ɗoɗɗoya, har tsoho ya tuna ƙuruciyarsa. Can ya durƙusa ya ce, "Tamu ce. Allah ya ja zamanin Sarki."

Sarki Barmo ya yi mulki mai tsawo cikin guna da kukan tsuntsaye. Ɗorawar ƙofar fada kuwa ba ta yi sauri don shi sarki ne ba, sai da gemunsa ya yi fari fat sannan ta yi inuwar da za ta ishi mutum ɗaya, ranar nan ya sa aka fito masa da tabarma ya zauna a gindinta, ganye yana zubo masa a kafaɗa bai kakkaɓe ba. Tsarki ya tabbata ga wanda yake rayar da ƙasa bayan mutuwarta, yake ciyar da ƙuda da sarki daga fure ɗaya.