Masanan da Kurege Ya Kawo

Ga ta nan, ga ta nanku, kuma na rantse ba za ku yarda ba.

Ta zo mu ji, Kurege, mun san halinka.

Shekarar da Giwa ta zama ciyaman a birninmu, ta kira ni, don ni kaɗai na taɓa kaiwa aji uku. Ta ce, "Gidaje, tsaro da hanya, nemo masana su faɗa mana wanne za mu fara yi wa gayya kafin damina."

Ni kuwa ba na shiri da gayya. Sai na kawo Kunkuru da Bushiya da Shirwa.

Kunkuru ya ce, "Ranki ya daɗe, gidaje lafiya lau. Ban taɓa kwana a waje ba."

Bushiya ta ce, "Tsaro? Ko Kura daga nesa take gaishe ni."

Shirwa ta ce, "Kullum ina ratsa gari, ban taɓa faɗawa rami ba."

Aka fasa gayya, na miƙe ƙafa.

Ruwan farko ya rushe akurkin Kaza. Ta kwashi 'ya'yanta bakwai ta nufi ofis, kwalbati ta karye, Muzuru yana biye. Da biyar ta isa.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, wa ya ce a tambayi mai fukafukin tashi zancen hanya?"

Giwa ta sa hanci ta ɗago ni ta wutsiya. "Malam mai aji uku, raminka ɗaki nawa ne?"

Ni kuwa da cika baki, na ce, "Huɗu, har da zaure!"

Ta ce, "Kaza ta samu gida. Kai kuma ga laka can, fara da kwalbati."

Ƙurunƙus kan ɓera. Nawa kan yana ƙarƙashin kwandon laka.