Ginin da Ba Shi da Filasta

Akwai wani mutum a wani gari, birkila, sunansa Dogara. Tun yana saurayi yake riƙe da cokalin gini har furfura ta rufe masa kai, kuma in ka zaga garin nan da wuya ka wuce layi guda ba ka ga bangon da hannunsa ya tayar ba. Yana da wani abin alfahari wanda duk mai zama kusa da shi sai ya ji, ko ya so ko bai so ba. Yakan daki ƙirji ya ce, "Ni Dogara, abin da na ɗora ba na sauke shi."

Gaskiya ne kuwa, bai taɓa rushe bangon da ya gina ba. Amma fa ba don ba ya kuskure ba ne. Dabara ce irin ta magina: in layin ƙasa ya ɗan kauce, sai a ƙara kwaɓi a layi na gaba, a rage a na gabansa, a yi ta lallaɓawa har sama, abin da ya saura kuma filasta ta rufe. Mai gini ya zo ya ga bango sumul, ya yi godiya, kowa ya kama gabansa.

Yana da ɗa namiji guda ɗaya, Habila, wanda ya koya wa sana'ar. Wata rana suna aiki tare, gini ya kai taga, sai Habila ya ja igiya ya duba, ya ce a gaban leburori, "Baba, layin ƙasa ya kauce. Mu sauke mu gyara."

Kai! Ka ce garwashi aka watsa wa tsohon. Ya ce, "Ni za ka koya wa gini? Ajiye mini cokalina. Kada ƙafarka ta sake taka ƙofar gidana." Da ya koma gida kuma ya hana matarsa Afiniki kiransa Baban Habila, sunan da take kiransa da shi tun ranar da ta haifi yaron. Fasto ya zo ya ba shi baki, dattawan ikkilisiya suka zo, amsar dai ɗaya ce: abin da ya ɗora ba ya saukewa.

Shekaru suka shige. Habila ya yi aure, kujerar uban ango babu kowa a kanta. Matarsa ta haifi 'ya mace, kakan bai ko leƙa ba. Kada ku ce abin bai dame shi ba. Ya dame shi ƙwarai, har rama ya yi. Sai dai maimakon ya gyara, sai ya shiga shafa filasta. In kaka ta yi yakan ce wa matarsa, "Masarar nan ta yi yawa a rumbu, ki rage ta," alhali ya san sarai gidan da za ta kai. Ran Lahadi yakan zauna can gefe a majami'a yana satar kallon jaririyar a bayan uwarta, ana cewa amin ta ƙarshe kuwa ya sulale kafin a fara gaishe-gaishe.

Da gwiwa ta hana shi hawa tsani, sai ya ajiye aiki. Zaman banza ya nemi ya haukata shi, don hannun da ya saba da ɗora abu a kan abu ba ya yarda da zama a kan cinya. 'Yarsa da ke aure a birni ta ji labari, ta aiko masa da kwali cike da 'yan bulo na roba, ja da fari da shuɗi, kowanne da 'yan haƙora a kansa da ramuka a ƙarƙashinsa, in ka danna ɗaya a kan ɗaya sai su kama juna gam. Dogara ya yi tsaki ya ce, "Yarinyar nan ta mai da ni ɗan yaye." Kafin mako ya zagayo ya gina jirgin ƙasa da taragunsa, yana ta kiran maƙwabta su zo su gani.

Mutane suka yi ta dariya. Matan unguwa suna ce wa Afiniki, "Maman Habila, a nema wa maigida makarantar rainon yara mana!" Shi ko a jikinsa. Bayan jirgin ƙasa ya gina gada, bayan gada ya gina jirgin ruwa, har wasu dattawa sa'o'insa da suka zo don su yi masa tsiya suka ɓuge da jan kujera suna cewa, "Miƙo mini jan can." Haka barandar Dogara ta zama wurin haɗuwar tsofaffi masu gini da bulon roba.

Sai aka aiko masa da babban kwali, wanda ya fi na da duka: gidan sama mai hawa-hawa, da tagogi, da hasumiya, da rufi mai tulluwa, 'yan bulonsa dubbai. Dogara ya ce wannan kam shi kaɗai zai yi, kuma ran bikin godiya ta girbi zai nuna wa duniya cewa birkila ba ya tsufa.

Ya kama aiki. Gini ya tashi kamar faɗin tafin hannu, sai idonsa na magini ya hango wani abu: a layin ƙasa, wajen kusurwa, ya dasa wani ɗan bulo mai ruwan toka, ya goce da haƙori ɗaya tak. A wannan lokacin, da a ce ya sauke layi uku, da magana ta ƙare. Amma sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙaramin abu ne, a sama za mu gyara." Ya ci gaba da ɗorawa.

Ana cikin haka sai Afiniki ta dawo daga taron zumuntar mata na majami'a ranta a ɓace. Ta ce, "Maigida, Habila ya sami aiki can nesa, ƙetaren kogi. Washegarin godiya ta girbi za su tashi, shi da matarsa da yarinyar. Ya ce ba abin da ya rage masa a garin nan."

Dogara ya dakata da bulo a hannu. Ya san in yaron ya tafi a haka, ya tafi ke nan, babu albarkar uba, jikar kuwa za ta girma ba ta san fuskarsa ba. Amma bakinsa ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya sunkuya ya ci gaba da gininsa.

Gini ya kai sama, ya yi kyau har ba a magana. Saura rufi. Ran Asabar, jajibirin godiya ta girbi, da hantsi, ya ɗauko rufin ya ɗora. Rufi ya ƙi zama. In ya danna gabas, yamma ta ɗaga. In ya danna yamma, gabas ta ɗaga. Ya cusa takarda a ƙarƙashi, abin ya ƙara karkacewa. Ya ɗauko wuƙa zai kankare haƙoran, hannunsa ya ƙi. Ya aika aka sayo masa gam mai ƙarfi na liƙe kaya, ya ce in rufin bai zauna da arziki ba, zai zauna da tsiya.

Afiniki tana gefe tana tsintar wake. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Maigida, wannan ginin fa ba shi da filasta."

Haushi ya kama shi, ya sa tafin hannu ya danne rufin da ƙarfinsa duka. Sai ji kake fas! Gefen hasumiya ya ɓalle, 'yan bulo suka watse a ƙasa. Ya dafe kai ya ce, "Wayyo, na yi asara!" Don shi a saninsa, bangon da aka sauke ya zama ɓaraguzai, sai dai a kwashe a cike rami. Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo ya tsinci ɗaya, ya juya shi. Lafiyarsa lau. Ya tsinci wani, ko ƙwarzane babu. Ya tattara su duka a tafin hannunsa, babu ko ɗaya da ya fashe. Ashe wanda ya ƙera su ya yi su ne yadda za a iya cirewa a sake ɗorawa.

Dogara ya daɗe yana kallonsu. Sa'an nan ya ture kwalbar gam gefe, ya sa hannu ya cire rufin. Ya cire hawa na sama. Ya cire na ƙasansa. Mutumin da bai taɓa sauke bango ba, ga shi yana saukewa layi bayan layi, har ya iso kan ɗan bulon nan mai ruwan toka. Ya ɓamɓare shi da farce, ya matsar da shi haƙori ɗaya, ya danna. Ƙas! Ya zauna daram. Abin da ya hana rufi zama ke nan, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba.

A nan ne muryar ɗansa ta dawo masa a kunne, da igiya a hannunsa, a gaban leburori. Hawaye suka zubo wa tsohon, bai kuwa ɓoye ba. Ya bar ginin a warwatse, ya ɗauki sandarsa da hularsa.

Afiniki ta ce, "Ina zuwa da ranar nan?"

Ya ce, "Akwai sauran bango guda."

Ya isa gidan Habila, ya same shi a tsakar gida yana ɗaure kaya da igiya. Habila ya miƙe, bai san ko ya gaishe shi ko ya yi shiru ba. Maƙwabta masu taya shi ɗaurin kaya suka tsaya cak. Dogara bai ja shi gefe ba, domin a gaban mutane ya kore shi, a gaban mutane kuma ya ga ya dace ya yi magana. Ya cire hularsa ya ce, "Habila, layin ƙasa ya kauce. Ka faɗi gaskiya ran nan. Ni na kautar da shi. Ka gafarta mini, ɗana."

Habila ya zube a ƙasa ya rungume ƙafafunsa yana kuka, yana cewa, "Baba, ni ma na yi maka magana a gaban yaranka, ka yafe mini." Uban ya ɗaga shi. Matar Habila ta fito da gudu ta ɗora masa yarinyar a hannu, yarinya kuwa ta cafke gemun kakanta ta ƙi saki, gida ya kaure da dariya da kuka a haɗe.

Da la'asar sai ga su tafe, uba da ɗa, jika a wuyan kakanta. Suka zauna a baranda suka kama ginin tun daga ƙasa. Abin mamaki, aikin da ya ci wa Dogara makonni shi kaɗai, da hannu huɗu da tushe madaidaici sai ya yi ta tashi kamar ana jansa. Dattawan nan abokan gini suka zo suna miƙo bulo, masu dariyar da ma suka cika ƙofar gida. Da aka zo kan rufi, Dogara ya miƙa wa ɗansa ya ce, "Kai za ka ɗora." Habila ya ɗora, ya danna da yatsa ɗaya. Ƙas! Gabas ta zauna, yamma ta zauna. Afiniki ta rangaɗa guɗa har maƙwabta na can nesa suka ji, ta ce, "Baban Habila, gini ya yi!" Ya amsa da ƙarfi, "Na'am! Sake faɗa!"

Washegari a sujadar godiya benci ɗaya suka cika. Habila ya yi tafiyarsa kamar yadda aka shirya, amma da hannun ubansa a kansa ya tafi, kuma kowace Kirsimeti yana gida da sabon kwali a hammata.

Ma'anar wannan misali ita ce: ginin nan rayuwarka ce, ɗan bulon da ya goce kuwa shi ne laifin nan da ka sani, wanda ka ce ƙarami ne, a sama za ka gyara. Kwaɓi da filasta su ne kyawawan abubuwan da muke shafawa a kai don kada a gani. Wani yana waƙa a ƙungiyar mawaƙa muryarsa har waje, amma ba ya magana da ƙanensa. Wata ita ce ta fari a zumuntar mata, amma in ta hango surukarta sai ta sake hanya. Kada ku waiwayi na kusa da ku, ƙaunatattu, da ku nake. Filasta tana ruɗin mutum, amma gaban Allah babu filasta. Shi layin ƙasa yake dubawa, shi ya sa salama, wadda ita ce rufin, take ƙin zama a kanka kome yawan dannawarka.

Gam ɗin nan kuma taurin zuciya ne. Da Dogara ya zuba shi, da ginin ya daskare a karkace har abada. Abin da ya hana shi saukewa tun farko tsoro ne, yana tsammani duk abin da aka sauke ya lalace. Mu ma haka Shaiɗan yake raɗa mana, wai in ka ce "na yi laifi" girmanka ya zube. Ƙarya yake yi! Wanda ya yi mu ya yi mu ne yadda za a iya sauke mu a sake gina mu ba tare da mun fashe ba. Sunan wannan saukewa tuba, sunan sake ginin kuwa alheri, Yesu Almasihu kuma ya riga ya biya dominsa da jininsa. Ku duba, tsohon nan bai rasa ko bulo ɗaya ba, sai ma ɗa da jika da ya samu.

To, kai ma ka san inda naka ɗan bulon yake. Tun ina magana sunan mutumin ya faɗo maka a rai. Shi ma watakila yana can yana ɗaure kayansa. In mun tashi daga nan, tuwon rana zai jira ka. Ɗauki hularka ka tafi.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin saukewa, ya kuma ɗora mana rufin salamarsa. Amin.