Ƙarangiya da Wutar Gamba

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Iya.

An yi wata ciyawa can arewa, inda yashi ya fi ƙasa yawa, sunanta Ƙarangiya. A lokacin ba ta da ƙaya ko ɗaya, 'ya'yanta sumul suke kamar gero. Yayyafi kaɗan ya ishe ta. Sai ta tsiro, ta yi 'ya'ya, ta bushe, 'ya'yan su zube cikin yashi su yi barci har wata damina. A gefenta, cikin kwari, akwai Gamba, doguwa mai tushe, wadda saiwarta ta nutse can ƙasa.

Kowane rani makiyaya kan cinna wa Gamba wuta. Ta ƙone ƙurmus, amma kafin a ce me, sai ga toho kore shar, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Shanu su taru, makiyaya su yi ta sa mata albarka. Ƙarangiya na tsaye a bushe, baƙin ciki kamar ya kashe ta, tana ta ƙunƙuni: "Ita koriya, ni fara fat, da me ta fi ni?"

Ta je ta ce, "Yaya, ba ni asirin."

Gamba ta ce, "Babu asiri, ƙanwata. Ni raina a saiwa yake, ke naki a 'ya'yanki. Ki riƙe su."

Ƙarangiya ta ce a ranta rowa ce kawai, wutar nan ita ce maganin. Ku ji wauta, yara! Mai hassada ko gaskiya aka gaya masa, ƙarya yake ji.

Wani mai raƙuman gishiri ya zo wucewa, ta roƙe shi wuta. Ya ce raƙumansa na cin ta a haka, ya wuce. Ita koriya, ni fara fat, da me ta fi ni? Mai cin zuma ya zo da bakin wuta a hannu, ta roƙe shi. Ya ce wutarsa ta ƙudan zuma ce, ya wuce. Ita koriya, ni fara fat, da me ta fi ni? Sai ga wani makiyayi, Siddi, baƙo daga kudu, shanunsa duk sun rame. Bai san ciyawar yashi ba. Nan ta shirga masa ƙarya, wai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Gamba, in ya ƙona ta tohonta zai kai shanunsa har damina.

Siddi ya ce, "Kin tabbata?"

Ta ce, "Baffa, cinna kawai."

Ya cinna. Iska ta ɗauka. Wuta ta bi tudu tana ci ɓal-ɓal. Ƙarangiya ta lalubi saiwarta don ta ɓuya, ta ji ba ta kai tsawon yatsa ba. Sai ta ji 'ya'yanta na fashewa kamar gugguru. Tsoro ya kama ta, ta manta da Gamba, ta manta da kore. Shanu na gudu ta kanta, Siddi na bin su, ta ƙwala ihu: "'Ya'yana, ku kama, ku riƙe, kada ku saki!"

'Yan da suka rage suka miƙa hannu, hannuwan suka zama ƙaya. Suka kama wutsiyar shanu, suka kama wandon Siddi, har naman ƙafarsa. Da haka suka tsira. Uwar kuwa ta zama toka. Siddi ya zauna jiran toho har ya gaji, bai ga ko tsinke ba, ga abincin da shanunsa za su ci ya ƙone da hannunsa.

Shi ya sa har gobe, in ka ratsa daji, ƙarangiya sai ta maƙale maka. Maganar uwarsu suke bi, ba su san wutar ta mutu ba. Wanda ya sa ido a kan rabon wani, nasa yake ƙonawa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Kowa ya karkaɗe zanensa kafin ya hau tabarmata.