Yagaggiyar Rigar Shalum Maƙeri

Akwai wani mutum, ba zan kama sunansa ba, wanda ba ya zuwa gidan makoki sai don ya ji daɗin muryarsa. Kafin ya gama tuɓe takalmi ya fara wa'azi, mai rashin kuwa ko oho. Saboda shi na tono wannan hikaya.

An ce wani sarki a ƙasar Yaman yana da 'ya guda ɗaya tak, sunanta Jumana. Ta rasu wurin haihuwa, jaririyar ta rayu. Sarki bai zubar da hawaye ko ɗigo ba. Sai ya sa aka kama ungozomar, wata tsohuwa mai suna Barira, ya ce ran kwana na bakwai za a sare kanta a ƙofar gari. Ya hana kuka a fada, ya hana ambaton sunan 'yar, ya ce a kai jaririyar can ƙuryar gida inda kunnensa ba zai ji ta ba.

Masu ta'aziyya suka yi ta zuwa, kowa da hikimarsa a baki. Wannan ya ce duniya ba matabbata ba ce, wancan ya lissafa sarakunan da suka yi rashin da ya fi nasa. Duk gaskiya suka faɗa, amma sarki ji yake kamar ana ƙara wa wuta itace. Waziri ya san Barira ba ta da laifi, sai dai yana son kansa a bisa wuyansa.

Ran kwana na uku wani tsohon Bayahude ya shigo, Shalum maƙerin azurfa, wanda ke karantar da mutanensa littafinsu in ya rufe maƙera. Shi ya ƙera wa Jumana mundayenta tun tana rarrafe. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tsurar ƙasa nesa da darduma, ya yi shiru. Sarki ya jira wa'azi har la'asar, wa'azi bai zo ba. Tsoho ya tashi ya tafi. Washegari ya dawo, jibi ma haka, har sarki ya tsinci kansa yana duban ƙofa da safe, yana kuma jin haushin kansa da duban.

Ran kwana na shida haƙurinsa ya ƙare. Ya ce, "Kai tsoho, bebe ne kai, ko raini ne?"

Shalum ya ce, "Ya sarki, a al'adarmu mai ta'aziyya ba ya buɗe baki sai mai makoki ya fara."

"To ga shi na fara."

"Sarki ne ya fara. Ni kuwa wurin uban yarinya na zo, kuma ban ji muryarsa ba tukuna."

Dogarai suka kai hannu ga takubba, sarki ya tsayar da su da ido. Ya so ya ƙure tsohon, sai ya tambaye shi ina suka samo wannan al'ada ta ragwanci. Shalum ya ce daga labarin Ayuba a littafinsu. Abokansa sun zo sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki suka shiga neman wanda ya yi laifi, sai suka zame masa ciwo na biyu.

Yana cikin magana mayafinsa ya zame, sarki ya hango rigarsa ta ciki a yage daga wuya zuwa ƙirji, an ɗinke ta da ɗinkin tsalle-tsalle kamar na makaho. Ya yi murmushin mugunta, ya ce mamaki ne mutumin da ke kwana cikin azurfa ya zo fada da tsumma.

Shalum ya shafa ɗinkin a hankali. Ya ce su in nasu ya mutu sai su yaga rigarsu, su zauna a ƙasa kwana bakwai. Wannan yagar ta matarsa ce Hanna, shekara talatin ke nan, kuma bai ƙara saka rigar ba sai ranar da ya ji rashin sarki. Wurin haihuwa ta rasu, a hannun Barira ɗin nan. Ya ce ranar ya ɗauki guduma zai nufi gidan ungozomar, tsofaffinsu suka tare shi a zaure, suka ce ya yaga rigarsa tukuna, ya zauna kwanakinsa, gudumar ba za ta gudu ba. Da kwanakin suka cika ya ɗauki gudumar, sai ya rasa wanda zai buga wa. Ɗan da Barira ta ciro da rai shi ne yau ke hura masa zugazugi.

Sarki ya ce, "Me ya hana ka ɗinke ta da kyau?"

Ya ce, "Ya sarki, zuciya in ta cika dole ta yaga wani abu. Mu an ba mu riga don kada mu yaga mutum. Na bar ɗinkin a fili don in riƙa tunawa saura kaɗan in yaga mutum."

Sai sarki ya ce, da muryar da fadawa ba su taɓa ji ba, 'yarsa tana shekara huɗu ta jefa munduwarta a rijiya don ta ji ƙarar ruwa.

Shalum ya ce, "Ta zo maƙera da kanta, ta ce in yi wata kada in gaya maka."

Sarki ya fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ya ce, "Jumana." Ya sake faɗa. Ya sauko daga gadon sarauta, ya kama wuyan alkyabbarsa ya yaga, ya zauna a ƙasa kusa da maƙerin, ya yi kukan da ya riƙe kwana shida. Tsohon bai ce masa yi haƙuri ba, bai ce masa komai ba.

Da gari ya waye mutane suka taru a ƙofar gari, hauni ya wasa takobinsa, ba a kawo kowa ba. A cikin gida aka kwance Barira. Sarki ya nemi gafararta a gaban waziri, ya sa aka kawo jaririyar. Tsohuwa ta karɓe ta, ta ɗora masa a hannu, ta ce, "Tallabi kanta, ranka ya daɗe, ba takobi ba ce." Ya tallaba. Daga ranar ya kafa doka a ƙasarsa, ya kuma fara da kansa: wanda bai yi kukansa ba kada ya zauna shari'a, don zai sa wani ya yi masa kukan.

To, wancan mutum da na ce ba zan kama sunansa ba, kwana nawa zai iya zama kusa da mai rashi bakinsa a rufe? Ni na ce ko yini guda ba zai kai ba, kuma kai mai karatu ka san shi sarai. In ƙarya na yi, musa.