Inuwar Da Ta Gusa a Avignon

Akwai wani bawan Allah a Riyad, Harouna sunansa, mutumin Damagaram ne. Aikinsa kula da wani dattijo Balarabe da ake kira Abu Mishal, wanda shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keken guragu. Harouna ke yi masa wanka, shi ke yi masa alwala, shi ke juya shi a gado. Ranar Juma'a kaɗai yake samun ya leƙa unguwar Gubaira ya sha shayi da 'yan gida.

Shekara biyar bai taka Nijar ba. Fasfonsa yana kulle a ofishin Mishal, babban ɗan dattijon, can unguwar Ulaya. Duk sanda ya nemi hutu, sai Mishal ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Bukra, in sha Allahu." Wannan bukra ta Mishal, wato gobe, jama'a, har yau masu lissafin wata ba su gano ranar da take kamawa ba.

A gida kuwa mahaifiyarsa Gogo ta tsufa, ta kwanta ciwo. In ya kira waya, magana ɗaya ce: "Harouna, ƙarfina yana ƙarewa. Yaushe za ka zo?"

A bazarar 2016 iyalin suka shirya hutu a Faransa. Aka rasa mai tura keke, sai wani ya tuna Harouna ya yi lakkwal, wato boko, yana jin Faransanci. Fasfon da ya gagari fita shekara biyar, cikin kwana uku ya fito.

Suka sauka a wani tsohon birni da ake kira Avignon. Ganuwar dutse ce ta kewaye shi. A tsakiya ga wata fada da aka ce fafaromomi sun zauna a cikinta, tsayinta sai ka dafe hula kafin ka ga ƙarshensa. A bakin kogi kuma ga gada da ta tafi ta tafi, ta tsaya cak a tsakiyar ruwa. Harouna ya ce wa dattijo, wanda yake kira Ammi, wato baffa, "Ammi, da a garinmu ne da an ce ɗan kwangila ya gudu. Nan kuwa biya ake yi a kalla." Dattijo ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi.

'Ya'yansa da matansu kuwa, kowane gini minti biyar suke ba shi. A yi hoto, a tambayi Harouna ina kantuna suke.

Mishal ba ya son riƙe kaya, don haka duk fasfunan gidan suna cikin jakar da ke rataye a bayan keken. Kwana huɗu Harouna yana tura fasfonsa da hannunsa a kan duwatsun birnin.

A rana ta huɗu Saidou ya kira shi, abokin ƙuruciyarsa da ke zaune a Marseille.

"Gobe ka shigo jirgin ƙasa na ƙarfe biyu da rabi ka zo Marseille," in ji Saidou. "Na yankar maka biye, tikitin jirgin sama, jibi da safe ka tashi zuwa Yamai. Nan ba Saudiyya ba ce, ba mai tambayarka takardar fita."

"To tsohon fa?"

"Tsohon 'ya'yansa huɗu. Gogo kai kaɗai gare ta. In kuka koma Riyad, fasfon nan ya koma kabarinsa, ka sani na sani."

Harouna ya san gaskiya Saidou ya faɗa.

Washegari iyalin suka tafi kantuna, suka bar shi da dattijo a wani lambu a kan tudu, inda ake hango kogi da gadar nan. Bayan sun yi azahar, Harouna ya tura keken ƙarƙashin wata babbar bishiya, ya ja birki, ya ba shi ruwa. Ya zagaya baya, ya buɗe jaka a hankali, ya zare fasfonsa.

"Ammi, zan je in dawo."

Dattijo ya dube shi ya daɗe, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Harouna ya gangara. Ya ratsa lungunan birnin, ya fita ta ƙofar ganuwa, ya shiga tasha. Saura minti goma sha biyar. Ya tsaya a inuwar wani ginshiƙi, hannunsa a kan aljihu.

Can sai ya ji zafi a ƙafarsa. Ya duba, rana ta hau takalminsa. Ya ja baya taku ɗaya, sai ya tuna da dattijo.

Ɗan manomi ne, ya san tafiyar inuwa. Wadda ya bar dattijo a cikinta ma tafiya take yi, kafin ƙarfe uku ta bar shi a fili. Ga ranar Yuli. Mutumin hannu ɗaya ne ke yi masa aiki, ko ya iya sakin birki, keken juyawa kawai zai yi a wuri ɗaya. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Faransanci. 'Ya'yansa kuwa in suka shiga kanti, sai mai kanti ya ɗauko makulli suke tuna suna da uba.

Ya ce wa kansa, ai wani zai gani ya taimaka. Ya sake faɗa sau biyu, zuciyarsa ba ta karɓa ba.

Jirgi ya iso, ƙofofi suka buɗe. Waya tana ta ruri a aljihunsa, Saidou ne. Harouna ya dubi ƙofar nan, ya tuna muryar Gogo, hawaye suka zo masa. Sannan ya juya ya fita da gudu.

Ya tarar da dattijo cikin tsakiyar rana. Ƙyallen kansa ya zame, rigarsa ta jiƙe sharkaf, keken ya karkace yana fuskantar bango. Harouna ya mayar da shi inuwa, ya jiƙa ƙyalle ya goge masa fuska da wuya, ya riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan har numfashinsa ya daidaita.

"Ka fasa ne?" in ji dattijo.

Harouna ya sunkuyar da kai.

"Na ji sanda ka buɗe jakar. Jikina ne ya mutu, ba kunnena ba. Me ya dawo da kai?"

"Inuwa ta gusa, Ammi."

"Wurin wa za ka?"

"Uwata. Tana kwance, ba lafiya."

Dattijo ya mai da kallonsa ga kogi. Can ya ce, "Shekara biyar kana wanke ni, ban taɓa tambayarka ko kana da uwa ba."

Da yamma a otal Mishal ya duba jaka, ya ga babu fasfo ɗaya. Kafin ya buɗe baki, uban ya ce, "Yana aljihun mai shi, kuma can zai zauna."

"Baba, in ya gudu fa?"

"Yau ya samu hanya. Ga shi tsaye a bayana."

Mako ɗaya da komawarsu Riyad, dattijo ya sa aka kai shi ofishin Ulaya a kekensa, ya ce ba zai motsa ba sai an yi wa Harouna bizar fita da dawowa. Aka yi, ta wata uku.

Harouna ya tarar da Gogo da rai. Kwana arba'in da ɗaya ya yi yana jinyarta. Ranar da Allah ya karɓi abarsa, shi ya shiga kabari ya kwantar da ita.

Da hutunsa ya ƙare ya koma Riyad da ƙafarsa, fasfo a aljihu, ba wanda ya kira shi.

Darasi: Kada ka saki wanda ya dogara da kai a ranar da ba zai iya taimakon kansa ba, ko da buƙatarka ta gaskiya ce. Kai kuma da ake yi wa hidima, ka tambayi mai yi maka ita wa ya baro a gida. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da ke ƙasar waje, da waɗanda suke riƙe da su.