Sunan da Waziri Hambali Bai Kira Ba

An yi wani sarki a ƙasar Marake mai suna Barmo, wanda ya gaji sarauta da ƙuruciya da zafin zuciya, ya kuma gaji tsohuwar gaba da mutanen Kwargaba na tsallaken gulbi. Auta ne, shalelen uwa, ya tashi ana kiran sunansa safe da yamma, kuma Allah bai ba shi haihuwa ba tukuna. Ku riƙe wannan, jama'a, don daga nan masifar ta ɓullo.

Da aka kashe Madawakinsa a yaƙi, aka kuma raɗa masa cewa wani na gida ne ya kai wa mutanen Kwargaba tsegumi, sai ya sa aka yi shela: duk namijin da aka haifa a tsallake ba ɗan Marake ba ne, ya tattara ya koma inda aka binne cibiyarsa.

Wazirinsa Hambali, dattijo mai ilimi da kawaici, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, jariri ba ya zaɓar ɗakin da zai faɗo. Mutanen nan da mu suka yi noma, da mu suka yi jana'iza, wasunsu da tabon mashin Kwargaba a jikinsu."

Sarki ya ce, "Waziri, na ji hujjarka, ga kuma jarrabawata. Ƙofata a buɗe take har tsayuwar wata. Duk uban da ya zo gaban fada ya ambaci sunan ɗansa, ya ce nawa ne, na tsaya masa, to wannan ɗan ya zauna. In ba wanda ya zo, ƙasa da kanta ta yi hukunci."

Waziri kuwa ya san abin da Sarki ya manta. A al'ada, mace gidan iyayenta take komawa ta yi haihuwar fari, kuma tun zamanin zaman lafiya mazan Marake ke auro matan tsallake. Ashe waɗanda za a kora kusan duk 'ya'yan fari ne. Wane uba ne mai mutunci zai buɗe baki ya kira sunan ɗansa na fari, balle a gaban fada? Shi kansa Waziri, ɗansa Ilyasu yana cikinsu, kuma tun ranar suna bai taɓa ce masa komai ba sai "kai" ko "yaron nan".

Kullum Waziri ya fito da niyyar magana, sai ya dubi fadawa, kunya ta ɗaure masa harshe, ya ce gobe. Sauran iyaye kuwa shi suke kallo, suna cewa in babba bai fara ba, wa zai fara? Wallahi ina faɗa raina yana ɓaci: haka wata ya tsaya, ba wanda ya zo.

Ranar tafiya Ilyasu ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, za mu haye. A yafe mini."

Waziri ya kafa ido a kan buzunsa, ya ce, "To. Allah ya kiyaye hanya." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Da suka haye, mutanen Kwargaba suka tare su da baka da kibiya, suka ce, "Jiya kuka yaƙe mu, yau kuma ku zama namu?" Ba gaba, ba baya, sai suka kafa bukkoki a kan wani tsibirin rairayi a tsakiyar gulbi, ga damina ta kankama.

Sarki ya tara fada yana murmushi ya ce, "Waziri, warware mini wannan. In su 'yan ƙasa ne, me ya hana ko uba ɗaya ya neme su?"

Waziri ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, shirun da ka ji shi ne shaidar. Baƙo ana kiran sunansa ba kunya. Wanda ba a iya kiran sunansa, shi ne ya fi kowa kusa da zuciya. Ka auna mu da abin da tarbiyyarmu ta hana mu, mu kuma muka fifita kunya a kan rai, kuma ni ne shugaban masu wannan laifi. Ilyasu ɗana ne. Ilyasu ɗan Marake ne, na tsaya masa."

Sai wani tsohon maƙeri daga bakin ƙofa ya ambaci sunan nasa ɗan, wani ma ya ambata, har kuka ya rinjayi magana. Nan take Sarki ya janye shela, ya aika da jiragen ruwa a dawo da su.

Masu jirage suka komo da la'asar, kawunansu a sunkuye. Ruwa ya sauko daga tudu tun shekaranjiya, tsibirin ya nutse, ba su samu komai ba sai jinka tana yawo da 'yan ƙwarya.

Sarki ya yafa wa Waziri alkyabba, ya ba shi dawakai da gonaki, ya ce daga yau ɗan Marake shi ne wanda ya rayu a cikinta, ko ina aka binne cibiyarsa. Waziri ya yi godiya yadda ya kamata, ya naɗe alkyabbar, bai taɓa sa ta ba. Har ya rasu, masunta kan gan shi da yamma a bakin gulbi, tsoho tukuf, yana kiran Ilyasu da ƙarfi, ba ya jin kunyar kowa.

Shi ya sa masu hikima suka ce a gaggauta adalci tun mai haƙƙi yana numfashi, domin adalcin da ya makara, ta'aziyya ce.