Ranar da Korau Ya Sauke Takobi

Ku gyara zama, yau na kawo muku ta gardama.

A garin Rafin Marke an yi wani hauni, wato mai sare kan wanda shari'a ta yanke wa kisa, sunansa Korau. Shekara talatin yana wannan aiki, hannunsa bai taɓa rawa ba. Mutane na kauce masa a kasuwa, shi kuwa ko a jikinsa. Abin da yake taƙama da shi guda ne: bai taɓa sara don fushi ba, sai don hukunci.

Wata shekara wani manomi mai suna Nomau ya yi faɗa da maƙwabcinsa Barmo a kan iyakar gona. Zuciya ta ɗebe shi, ya ɗaga fartanya sau ɗaya, Barmo bai sake tashi ba. Nomau bai yi musu ba. Alƙali Malam Cindo ya tambayi dangin mamaci, kawun Barmo ya ce jini suke so. Aka yanke kisa.

Ran da za a zartar, da hantsi, fili ya cika. Nomau na durƙushe, Korau ya zare takobi. Sai ya duba cikin dangi, bai ga Tasalla uwar Barmo ba, alhali ita ce mai haƙƙin jinin. Ya san haunin da ya ƙi umarni a gaban jama'a zai iya rasa nasa kan. Duk da haka ya sauke hannu. Ya juya wajen alƙali ya ce, “Allah ya gafarta Malam, na ji bakin kawu, ban ji na uwa ba. Abin da zan yi ba ya gyaruwa.”

Malam Cindo dattijo ne da ba a taɓa tayar masa da hukunci ba, kalma ɗaya zai faɗa a ɗaure Korau. Sai ya miƙe ya ce, “Hauni ya fi ni gaskiya, na yi gaggawa.” Ya ɗauki sandarsa, ya taka da ƙafa har gidan tsohuwar, yana jin ana gunaguni a bayansa.

Tasalla ta zo tana dogarawa. Barmo kaɗai ta haifa. Ta daɗe tana kallon Nomau, sannan ta ce, “Kwana arba'in ina roƙon Allah ya nuna mini kanka a ƙasa. Ɗazu da na ji gangar taro, na jira zuciyata ta yi sanyi, ba ta yi ba. Ga uwarka can tana birgima. Ba zan ɗora wa wata mace abin da nake ɗauke da shi ba. Ku kwance shi, na yafe.”

Korau da kansa ya yanke igiyar, kuma a ranar ya ji ya fi kowace rana cika namiji. Nomau ya miƙe, ga su su uku a gabansa, ya rasa inda zai fara faɗuwa.

Da hauni bai tsaya ba, da an gama. Da alƙali ya kare girmansa, da an kira wani ya sare. Da tsohuwa ta ce jini, ba mai hana ta.

To, jama'a, a gaban wa ya kamata Nomau ya fara durƙusawa?